Katin Waya da Zumuncin Hausawa Mazauna Ƙetare

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, wato ɗan'uwa na gari shi ne wanda yake tattaki ya je ya gaida nasa. To amma wanda neman abinci ko neman ilmi ya kai shi Amurka ko Turai ba shi da halin wannan tattaki. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajajen 2010, abin da ya tsaya wa irin waɗannan mutane a madadin ƙafa shi ne ɗan katin waya da ake saya a kantin unguwa. Wannan takarda za ta bayyana wa ɗalibai ko mene ne wannan kati, da yadda aka yi amfani da shi, da dalilin araharsa, da hanyoyin da aka bi aka riƙa cutar masu sayensa. Za a ɗauki birnin New York a matsayin misali, domin akwai Hausawan Nijar da na Ghana da na Nijeriya a cikinsa. Daga ƙarshe za a duba kalmomin da wannan harka ta shigo da su cikin Hausa.

2.0 Halin da Ake Ciki Kafin Zuwan Kati

Tun daga shekarun 1980 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka fara kasa kaya a titunan New York. Da yawa daga cikinsu 'yan Nijar ne, Hausawa da Zabarmawa, masu sayar da huluna da jakunkuna da kaset a Titi na 125 a unguwar Harlem. A 1994 hukumar birnin ta tashe su daga bakin titi, aka mayar da wasunsu wata kasuwa a Titi na 116. Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Paul Stoller, ya wallafa littafi a kan rayuwarsu a 2002. Haka kuma, Hausawan zangunan Ghana, kamar na Nima a Accra da na Kumasi, sun fi taruwa a yankin Bronx.

Akasarin waɗannan mutane sun baro iyaye da mata da 'ya'ya a gida, kuma su ne masu ɗaukar nauyinsu. Hanyoyin jin labarin gida a da su ne wasiƙa, wadda takan yi makonni a hanya, da saƙon baki ta hannun matafiyi, da kaset da mutum zai ɗauki muryarsa a ciki ya aika. Buga waya kai tsaye daga gida yana da tsada ainun. A wancan gefen kuma wayar ce babu. Kafin 2001, layukan da kamfanin NITEL yake da su a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. Saboda haka sai a yi alkawari da wani mai tarho a gida ko a ofis, a ce ranar kaza da ƙarfe kaza a kira wance ta zo ta jira.

3.0 Ma'anar Katin Waya da Yadda Ake Amfani da Shi

Akwai kati iri uku da Bahaushe yake kira katin waya, kuma ya kamata a bambance su. Na farko shi ne wanda ake zurawa cikin akwatin wayar kan titi. A Italiya aka fara amfani da shi a 1976, kuma kuɗin yana jikin katin ne. Na biyu shi ne katin da ake sa wa wayar hannu kuɗi da shi. Na uku, wanda ake magana a kansa a nan, shi ne katin kiran ƙasashen waje. Shi wannan ba a zura shi ko'ina, kuma babu kuɗi a jikinsa. Abin da yake ɗauke da shi lambar sirri ce kawai, lissafin kuɗin kuwa yana cikin kwamfutar kamfani. A New York an fi sayar da na dala 2 da na 5 da na 10, a kantunan kayan masarufi da wuraren sayar da jarida da shagunan aika kuɗi.

Matakan kira su ne kamar haka. Da farko mai kira zai kankare bayan katin da kwabo ko farce don lambar sirri ta fito. Sai ya buga lambar shiga da aka rubuta a jiki, wadda takan zama ta cikin gari ko kuma ta kyauta mai farawa da 1-800. Wata murya da aka naɗa za ta nemi ya buga lambar sirri, sannan ta faɗa masa kuɗin da ya rage. Daga nan sai ya buga lambar fita daga ƙasa, wato 011 a Amurka, ko 00 a Ingila da Faransa. Sai lambar ƙasar da yake nema: Ghana 233, Nijeriya 234, Chadi 235, Kamaru 237, Nijar 227, Sudan 249. A ƙarshe sai lambar mutumin, amma idan ta fara da sifiri, kamar lambobin Nijeriya da Ghana, sai a jefar da sifirin. Ke nan kafin a ji sallamar na gida, sai an latsa lambobi sama da 30, kuma kuskure ɗaya yakan sa a sake daga farko.

Dole kuma mai kira ya lura da bambancin lokaci. Kano da Zinder suna gaban New York da awa 6 a lokacin sanyi, da awa 5 a lokacin zafi. Accra kuwa awa 5 ce ko 4. Wanda ya tashi daga aiki da magariba zai tarar mutanen gida sun yi barci, shi ya sa aka fi kira da sassafe ko ranakun Asabar da Lahadi.

4.0 Dalilin Araharsa

A tsohon tsari, kusan kowace ƙasa tana da kamfanin waya guda ɗaya na gwamnati. Idan kira ya ƙetare iyaka, kamfanin ƙasar da kiran ya fito zai biya na ƙasar da ya sauka wani kaso da suka yi yarjejeniya a kai. Wannan kaso ya ninka ainihin kuɗin aikin, kuma ƙasashe matalauta sun dogara da shi wajen samun kuɗin waje. A 1996 Amurka ta yi sabuwar dokar sadarwa da ta faɗaɗa gasa. A 1997 hukumar sadarwarta, FCC, ta sa iyaka ga abin da kamfanonin ƙasar za su riƙa biyan na waje. Tarayyar Turai ma ta buɗe kasuwar waya daga 1 ga Janairu, 1998.

Wannan ya ba ƙananan kamfanoni damar sarin mintoci masu yawa daga manyan kamfanoni, su kuma su sayar da su ɗai-ɗai ta hanyar kati. Ba su da ɗawainiyar jan waya zuwa gidaje, ba sa bin kowa bashi tun da an biya su kafin a yi kira. Bugu da ƙari, da yawansu sun riƙa bi da murya ta intanet zuwa kusa da ƙasar da ake nema, sannan a mayar da ita layin waya. Kebul na ƙarƙashin teku mai suna SAT-3, wanda aka ƙaddamar a 2002, ya taɓa Accra da Kwatano da Legas da Duwala, ya rage dogaro da tauraron ɗan'adam. Nijar da Chadi, da yake ba su da teku, ba su ci moriyarsa kai tsaye ba.

Abu na ƙarshe da ya bunƙasa kasuwar kati shi ne zuwan wayar hannu. A 2001 aka fara ta GSM a Nijeriya da Nijar, Ghana kuwa ta riga su da 'yan shekaru. Daga nan tsohuwa a ƙauye ta samu lambar da za a same ta, ko da ta maƙwabci ce. Sai dai kiran wayar hannu yakan fi kiran wayar gida tsada a kan kati ɗaya.

5.0 Ɓoyayyun Kuɗaɗe

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Takardar talla da ake mannawa a ƙofar kanti takan nuna tutar ƙasa da yawan mintoci da manyan baƙaƙe, sharuɗɗa kuwa suna ƙasa da ƙananan rubutu, cikin harshen da mai saye bai ƙware a kai ba. Daga cikin abubuwan da ake cirewa akwai kuɗin haɗa kira, da kuɗin riƙe kati na kowane mako bayan an fara amfani da shi, da ƙarin kuɗi idan daga akwatin kan titi aka kira. Wasu katunan kuma ana lissafa musu lokaci da minti uku-uku, wato kiran minti 4 sai a ɗauke shi a matsayin minti 6. Har ila yau kati yana da wa'adi, in ya wuce sauran kuɗin ya tafi.

Ga misalin lissafi don a fahimta. A ƙaddara kati ne na dala 5, wato senti 500, an ce minti ɗaya senti 10 ne, ke nan talla za ta ce minti 50. A ƙaddara kuma kuɗin haɗa kira senti 50 ne, na mako senti 60. Wanda ya yi kira ɗaya ya ƙarar da katin zai samu minti 45. Amma wanda ya riƙa kiran minti 4, kowane kira zai ci masa senti 50 na haɗawa da senti 60 na minti 6, jimla 110. Kira 4 sun zama 440, a ƙara 60 na mako, kati ya ƙare. Shi wannan minti 16 kacal ya yi magana, kuma kowane minti ya tasar masa a kan senti 31. Abin lura shi ne, mai ƙaramin ƙarfi da yake tattalin katinsa shi ne ya fi asara.

Hukumomi sun san da wannan. A 2008 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kai wasu masu rarraba kati kotu, bayan gwajin da ta yi ya nuna katunansu suna ba da kimanin rabin mintocin da aka tallata. A 2015 hukumar FCC ta ci tarar kamfanoni 6 jimlar dala miliyan 30 saboda tallan yaudara. Su kuwa masu saye, gogayya ta koya musu dabaru: tambayar 'yan'uwa a masallaci wane kati ne mai gaskiya a wannan watan, da sayen ƙaramin kati a ƙarar da shi a zama ɗaya, da amfani da lambar shiga ta cikin gari, wadda sau da yawa ta fi ta kyauta sauƙi.

6.0 Kati da Harshe

Gaisuwar Bahaushe doguwa ce. Ana tambayar kwana da gajiya da gida da yara da aiki, kuma rashin ladabi ne ƙarami ya katse babba ya shiga zance. A kan kati kuwa kowace gaisuwa kuɗi ce. Idan aka kira gida, wayar sai ta zaga daga uba zuwa uwa zuwa mata da ƙanne, kowa da tasa gaisuwar. Akan yi rashin sa'a murya ta sanar cewa saura minti ɗaya alhali ba a taɓo maganar kuɗin makaranta ko ta asibiti ba. Wannan ya haifar da kalamai kamar “katina zai ƙare” da “layi ba kyau” da “kina ji na, Inna?”, waɗanda suka zama hanyar taƙaita zance ba tare da an ɓata wa babba rai ba. Jinkirin murya da amsa-kuwwa a layi sukan sa mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya, sannan su yi shiru lokaci ɗaya.

Ta fuskar kalmomi, waya da kati da layi da lamba duk aro ne daga Ingilishi, haka ma tarho, wadda wasu ke cewa talho. Akwai kuma salula, ita ma aro ce. Ɗalibai su lura cewa sunayen abubuwa ne aka aro, aikatau kuwa na gida ne aka faɗaɗa ma'anarsu: ana buga waya, a kankare kati, layi ya shiga ko ya katse, kati ya cinye kuɗi. Kalmar filashin ita ma ta samu gurbi, wato na gida ya kira ya katse kafin a ɗauka, don na waje ya san ana nemansa, ya je ya sayo kati.

7.0 Ja da Bayan Kati

Kati bai daɗe yana cin kasuwarsa shi kaɗai ba. Skype ya fito a 2003. A Turai, kamfanoni irin su Lebara da Lycamobile sun kawo layin wayar hannu mai arahar kiran waje, wanda ba ya buƙatar lambar sirri. A wajajen 2010 sababbin kebul biyu, MainOne da Glo-1, suka iso gaɓar Ghana da Nijeriya, intanet ta ƙara sauƙi. Da WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, kuma wayoyin zamani suka yawaita a gida, sai akasarin mutane suka daina sayen kati. Shi kansa Skype an rufe shi a watan Mayu na 2025. Duk da haka sayen mintoci bai mutu ba, domin wanda iyayensa ke ƙauyen da intanet ba ta da ƙarfi, ko suke riƙe da ƙaramar waya, har yanzu yana biyan kuɗin minti, sai dai ta manhajar waya maimakon takarda.

8.0 Kammalawa

An ga cewa katin waya ya samu ne daga haɗuwar abubuwa uku: buɗe kasuwar sadarwa a Amurka da Turai, da bi da murya ta intanet, da yaɗuwar wayar hannu a Afirka ta Yamma. Ya sauƙaƙa wa baƙo jin muryar iyayensa a kowane mako, ya sa ana shawartarsa a kan aure da suna da jana'iza tun abin yana da ɗumi. Haka kuma ya ƙara masa nauyi, domin buƙatun gida sun riƙa isa gare shi nan take. An kuma ga yadda ƙananan rubutu suka ci kuɗin waɗanda ba su iya karanta su ba. Ana buƙatar ɗalibai su tattara kalmomin waya da ake amfani da su a Hausar garuruwansu, su ware na aro da na gida, su kuma nuna harshen da kowace ta fito.