Malam-Buɗe-Littafi na Tumfafiya da Babban Wansa na Kurmi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bilbis zuwa Tsafe ya ga tumfafiya a bakin gona da kan juji. Dabbobi ba su cika kula ta ba saboda farin nononta mai ɗaci. To amma akwai wani malam-buɗe-littafi da ya mai da ita gidan haihuwa. Fukafukansa ruwan goro ne, bakinsu baƙi da ɗigo-ɗigon fari, na baya kuwa a nan ƙasarmu sukan yi fari. Masana suna kiransa Danaus chrysippus, sunan ya samo asali daga Linnaeus a 1758.

Macen takan ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ganye. Tsutsar da ta fito sai ta yi ta cin ganyen, dafin ya taru a jikinta, ya kuma zauna har bayan ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya ci shi sau ɗaya yakan yi amai, ba ya ƙarawa. Shi ya sa muke ganinsa yana tashi a hankali, kamar basarake, ba ya tsoron kowa. Har ma akwai macen wani iri dabam, wadda ba ta da irin wannan dafi, amma ta ari kamanninsa don tsuntsaye su ƙyale ta. Wayo ke nan!

Yana son fili da rana, ba ya son duhun daji. Saboda haka ana samunsa a kusan duk Afirka, da ƙasar Larabawa, da Indiya, har Ostireliya.

Babban wansa, watau Papilio antimachus, halinsa dabam. Shi ne mafi girma a Afirka: faɗin fukafukan namiji yakan wuce santimita 20, namu kuwa 7 zuwa 8 ne. Drury ya bayyana shi a 1782. Mazauninsa kurmi mai yawan ruwa, daga Saliyo, ta kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango, zuwa Yuganda. Mazan kan sauko su sha ruwa a taɓo, matan kuwa suna can ƙololuwar itatuwa, da wuya a gan su.

Ba za mu same shi a Gusau ko gindin dutsen Kwatarkwashi ba, domin raninmu ya yi tsawo. In aka sare kurmi, ba shi da wurin zuwa. Namu kuwa ko an nome daji, tumfafiya za ta fito a kan kufai, shi ma ya biyo ta.