Me ya sa ƙashi ke sirancewa bayan dashen kafaɗar ƙarfe?

Mutumin da aka yi wa tiyatar sauya gaɓar kafaɗa kan koma asibiti bayan shekara biyu yana ɗaga hannu lafiya lau, amma hoton ƙashi ya nuna ƙashin damtsensa ya sirance a gefen ƙarfen da aka dasa masa.

Ana yin wannan tiyata ne idan gaɓar ta lalace saboda sanyin ƙashi, ko mummunar karaya, ko mutuwar kan ƙashi da ke samun masu sikila.

Likita kan yanke kan ƙashin damtse, ya zura sandar ƙarfe a ramin ɓargo. Wani lokaci a kafe ta da siminti na musamman. Wani lokaci kuma a matse ta kawai, a bar ƙashi ya tsiro cikin ƙananan ramukan jikinta ya riƙe ta. A wannan hanya ta biyu aka fi ganin sirancewar.

Ƙashi na son aiki

Tun a 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na ƙara ƙarfi a inda yake ɗaukar nauyi, yana raguwa a inda ba ya ɗauka.

Ƙarfen titanium da ake yin sandar da shi ya ninka ƙashi tauri kusan sau biyar. Saboda haka sandar ce ke ɗauke nauyin hannu ta sauke shi can ƙasa. Ƙashin saman da aka raba da aikinsa sai jiki ya riƙa zaizaye shi sannu a hankali. Lamarin ya fi tsanani idan sandar mai kauri ce ta cika ramin ɓargo.

Ina haɗarin yake?

Yawancin masu dashen ba sa jin ciwo, kuma ƙarfen na zama daram. Matsalar na tasowa ne idan mutum ya faɗi, ko aka buƙaci sake tiyata: ƙashin da ya sirance na saurin karyewa, kuma ba ya riƙe sabon ƙarfe sosai.

Shi ya sa likitoci suka karkata ga gajerun sanduna marasa kauri. A 2004 kuma aka fara dasa nau'in da ba shi da sanda a Faransa, sai dai bai dace da mai raunin ƙashi ba.

Tunda sirancewar ba ta zuwa da ciwo, ana shawartar masu dashen su riƙa komawa ɗaukar hoto ko da ba su ji komai ba.