Neman Aiki A Tamanrasset: Aiki Na Samuwa, Takarda Ce Da Wuya

Duk wanda ya kwana a unguwar Sersouf ta birnin Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, ya san yadda gari yake wayewa. Da an idar da sallar asuba sai ka ga matasa sun fito bakin titi, wasu daga Damagaram, wasu daga Maraɗi ko Tawa, wasu daga Kano da Katsina, suna jiran motar da za ta tsaya neman leburori. Akwai aikin gini, akwai dako, akwai aikin lambu. Abin da akasarinsu ba su da shi kuwa shi ne takardar izinin aiki.

Mutane da yawa suna barin gida da tunanin cewa idan an isa za a nemi takarda a can. To, ba haka dokar ƙasar ta tsara ba. Dokar ɗaukar baƙi aiki mai lamba 81-10 ta shekarar 1981 ta ɗora neman izinin ne a kan wanda zai ɗauki ma'aikaci. Shi zai kai buƙata ofishin ƙwadago na jihar, ya nuna cewa babu ɗan ƙasa da zai iya aikin. Bayan an amince ne ma'aikacin zai nemi bizar aiki a ofishin jakadancin Aljeriya, kamar na Yamai, kafin ya taso. Izinin ba ya wuce shekara 2, sai dai a sabunta shi, kuma na ubangida ɗaya ne a jiha ɗaya. Haka nan dokar ta buƙaci baƙon ya kasance ƙwararre mai shaidar sana'a, wanda hakan ya rufe ƙofa ga yawancin leburori.

Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya fa? Dokar shige da fice mai lamba 08-11 ta 2008 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tara. Mai kamfanin da ya ɗauki baƙo marar takarda shi ma tara na jiransa, daga dinari 200,000 zuwa 800,000. Amma a zahiri lebura ne ke kwana a ciki, domin idan an hana shi haƙƙin guminsa ba ya iya kai ƙara, tunda zuwa wurin hukuma tamkar miƙa kai ne.

Tun bayan yarjejeniyar da Nijar da Aljeriya suka ƙulla a 2014, ana kwaso mutane a manyan motoci, a bi da su ta Tamanrasset da In Gezzam zuwa Assamaka. Waɗanda ba 'yan Nijar ba akan sauke su a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum sama da 31,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Ba a kuma manta da mutum 92, galibi mata da yara daga yankin Kance, da ƙishirwa ta kashe a wannan hanya a 2013 ba.

Ku 'yan kasuwar kan iyaka, naku lamarin daban ne. Cinikin musaya, inda ake kai dabbobi da lalle a ɗauko dabino da gishiri, yana da ƙa'idojinsa, kuma a kansa ake cin kasuwar Assihar a Tamanrasset. Sai dai izinin fatauci bai zama izinin aiki ba. Yaron da ya raka kaya, ya tsaya yana gini, ya riga ya fita daga inuwar takardarku.

Saboda haka, idan ɗa ko ƙane ya zo neman kuɗin mota, Alhaji, ka tambaye shi: wa ya kira ka, kuma ina takardar da ya aiko? Idan babu amsa, gara ka ba shi jari ya zauna kusa da kai. Allah Ya ba kowa halaliyarsa.