Motar Kara A Garaku, Jirgin Katako A Ingila

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga bayan an gama girbin dawa, in ya iso Garaku, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona a Jihar Nasarawa, ya rage gudu ya duba gefen titi, yana iya cin karo da yara suna jan motar kara. Yaro zai sami busasshen kara, ya feƙe ɓawon da tsohuwar reza, ya yayyanka totuwar gunduwa-gunduwa, sa'an nan ya mai da ɓawon nan ya zama ƙusarsa. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta, ko daga sakaina. Kafin la'asar sai ka ga gingimari ta fito da bodinta da ƙofofinta, har da wurin zaman yaron mota. Ba wanda ya ba shi zane, ba wanda ya koya masa a aji. Motocin da ke tsayawa ɗaukar doya ya ƙare wa kallo, ya riƙe siffarsu a ka.

Mu a nan wasan yara muke ce wa wannan, kuma da zarar yaro ya fara tasawa sai a kwaɓe shi, a ce ya girma da shirme. Amma a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane masu furfura, likitoci da injiniyoyi da tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa, waɗanda in sun taso daga aiki ba su da abin yi sai irin wannan. Abin da suka fi so su ƙera shi ne ƙaramin samfurin jirgin ruwa irin na da, mai tafiya da iska.

Masu wannan sha'awa iri biyu ne. Akwai wanda zai je kanti ya sayo kwali, a ciki an riga an yanka masa kome, nasa kawai ya harhaɗa ya liƙa. Akwai kuma wanda ba ya sayen kome sai katako da zare, shi zai nemo zanen jirgin, ya auna, ya yanka, ya fere kowane yanki da hannunsa. Wannan na biyun shi ake girmamawa a cikinsu, kuma shi ne ɗan'uwan yaron Garaku, ko da yake ba su san juna ba.

Inda suka rabu shi ne wajen awo. Yaro da ido yake aiki, in taya ta yi wa motar girma ba abin da ya dame shi. Shi kuwa mai ƙera samfuri ba ya taɓa wuƙa sai ya tsai da ma'auni. Ma'aunin da aka fi sani a Ingila tun ƙarni na 17 shi ne ɗaya bisa 48, watau kwatan inci ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa ɗaya. Jirgin da tsawonsa ya kai ƙafa 100 zai dawo inci 25 a kan tebur. Kuma kome sai ya bi wannan lissafi, daga kaurin igiya har faɗin ƙofar ɗakin matuƙi. In aka kuskure a abu ɗaya, idon gwani zai gani tun daga nesa.

Yadda ake gina na gaske haka ake gina ƙaramin. Ana fara shimfiɗa dogon katakon ƙasa wanda shi ne ƙashin bayan jirgi, a kakkafa masa haƙarƙari, kowanne da irin lanƙwasarsa, don cikin jirgi ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke a gaba da baya. Daga nan sai a shiga rufe haƙarƙarin da siraran katako ɗaya bayan ɗaya. A nan ne haƙuri ke ƙarewa. Busasshen katako ba ya lanƙwasuwa sai ya karye, saboda haka sai an jiƙa shi ko an turara shi da tururi, a ɗaure shi a inda ake so ya kwana ya bushe, kana a liƙa. Bayan an gama gangar jiki sai a kafa dogayen sandunan da ke riƙe ƙyallayen kama iska, a shiga ɗaurin igiyoyi da ɗan hantsaki. A babban jirgin yaƙi irin Victory na Ingila, wanda ya yi yaƙin Tarafalga a 1805, tsanin igiyar da matuƙa ke hawa kaɗai yana cin ƙulli fiye da dubu. Shi ya sa mutum kan shekara biyu ko uku a kan jirgi guda wanda bai fi kamu huɗu ba.

Abin ya daɗe a duniya. A shekarar 1920 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna, kusa da Luksor a ƙasar Masar, suka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu da igiyoyinsu, sun yi kusan shekara 4,000 a rufe. Yau wasunsu suna Alƙahira, wasu suna birnin New York. Da yawa daga abin da masana suka sani game da yadda Misirawan da ke tuƙi a Kogin Nilu, daga irin waɗannan 'yan jirage suka koya. Haka nan a zamanin yaƙe-yaƙen Faransa da Ingila, tsakanin 1793 da 1815, fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Ingila sun riƙa tara ƙashin naman da ake ba su, su kankare, su ƙera jirage da shi, wani lokaci su yi igiya da gashi, su sayar su sami na taba. Waɗannan jiragen ƙashi yanzu sai mai hannu da shuni ke iya sayensu. Ita ma hukumar sojan ruwa ta Ingila ta bar ɗimbin samfurori, ana ganinsu a gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich a Landan. Yawancin jiragen ainihi sun ruɓe ko sun nutse tuntuni, ƙananan ne suka rage suna ba da shaida.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan mutumin Garaku da jirgin ruwa, garin da ba teku ba babban kogi? Ai kuwa da ruwansa. Kudu da Keffi, bayan an wuce garin Nasarawa, akwai Loko a bakin Kogin Binuwai, kuma a ƙarni na 19 Loko babbar mashiga ce. Fatake daga Kano da Zariya ta Keffi suke biyowa su sauka can da kayansu, hauren giwa na cikin abin da ya yi wa garin suna. A 1854 jirgin Pleiad, mai injin tururi haɗe da ƙyallayen iska, ya hau Binuwai ƙarƙashin Dokta Baikie, da Samuel Ajayi Crowther a cikinsa. A 1885 wani Bajamushe, Paul Staudinger, daga Loko ya taso ya bi ta Keffi har Zariya da Kano da Sakkwato. Arzikin wannan yanki da jirgi aka ɗauko wani kaso nasa, kuma yawancin jiragen nan ba na Turawa ba ne, na masassaƙanmu ne, waɗanda suka fafe su da gatari da gizago.

Kuma sassaƙar jirgi a ƙasar nan ta girmi duk abin da muka ambata a sama. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, faɗinsa wajen rabin mita, an kuma auna shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi daɗewa. A tafkin Cadi kuma Buduma suna ɗaure jirgi da ciyawar ruwa, har a 1969 wani mutumin Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗauki gwanayensu zuwa Masar suka ɗaura masa babba, ya sa masa ƙyallen iska ya shiga Tekun Atalantika da shi daga Maroko.

Yau wannan gado yana tafiya a hankali. An buɗe gadar Loko zuwa Oweto a 2023, motoci suna haye Binuwai ba sai an jira fito ba. Manyan itatuwan maɗaci da ake fafewa sun yi ƙaranci. Saboda yawan haɗarin jiragen ruwa da ke cin rayuka a Neja da Kebbi da Sakkwato, hukumomi suna ta kira a bar jirgin katako a koma na zamani. Ba mai hankalin da zai ja da wannan, rai ya fi kome. Sai dai in tsohon masassaƙi ya rasu, jirginsa na ƙarshe ya ruɓe a bakin gaɓa, siffar jirgin da dabarar da ke cikinta sun tafi ke nan, tun da ba a rubuce suke ba, ba a zane suke ba. Hoto yana nuna gefe ɗaya ne kawai. Samfurin da aka yi bisa awo shi ke riƙe zurfin ciki da kaurin baki da yadda goshi ya tashi.

A nan ne ya kamata makarantunmu su shigo, amma abin takaici, a makarantun firamare da yawa darasin aikin hannu ya koma kawo tsintsiya, wani wurin ma kuɗi ake karɓa a ba yaro maki. Yaron da ya iya fitar da gingimari daga kara, abu ɗaya ya rage masa, a ba shi rula a nuna masa ma'auni. Ranar da ya gane cewa santimita ɗaya tana iya tsayawa a madadin goma, ya shiga lissafin da injiniya da mai zanen gini ke ci da shi. Kamfanonin mota har gobe sai sun sassaƙa samfuri da yumɓu kafin su ƙera ta ƙarfe, kuma a irin wannan fage ne Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka da zanen motar Chevrolet Volt.

Kayan aikin ma ba sai an yi odarsu ba. A fadamun wannan yanki akwai tukurwa, cikin gwangwalarta yana da taushi da rashin nauyi, wuƙa tana cinsa kamar sabulu. Kafintocin Garaku da Keffi kullum suna zubar da guntayen katako. Zaren ɗinki in an goga masa kakin zuma ya zama igiya, ƙayar aduwa ta zama ƙusa. Malamin da ke son gwadawa yana iya farawa da kwalekwalen Dufuna, don ba shi da sanda ba shi da ƙyalle: a ma'aunin ɗaya bisa goma, tsawonsa santimita 84 ne, faɗinsa 5. Ajin da ya gama wannan sai a ɗauke shi a mota a kai shi Loko da igiyar awo da littafi, a roƙi masu fito su jawo jirgi ɗaya kan yashi, yara su auna shi daga goshi har wutsiya, masassaƙin yana tsaye yana faɗa musu sunan kowane sashe.