Akuya Mai Shayarwa da Itacen Murhu

Duk macen da ke girki a Ƙaraye ko Rogo ta san cefane kaɗai ba ya zama tuwo. Ko an kawo gari da kuka da daddawa, in babu itace a murhu, tukunya ba za ta tafasa ba. Haka cikin akuya mai shayarwa yake. Harawar wake da tunkuzar gyaɗa da angurya su ne cefanen, masu gina jiki. Dusar masara da ta dawa da tsakin hatsi su ne itacen, masu ba ta ƙarfin mayar da abin da ta ci ya zama nono.

Jar akuyarmu, wadda ake kira 'yar Sakkwato ko 'yar Maraɗi, wata 5 take ɗaukar ciki, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Nononta ya fi yawa a makonnin farko bayan haihuwa, daidai lokacin da jikinta ya fi bukatar ƙarfi. In haihuwar ta faɗo a bazara, tsakanin Maris da Mayu, babu abin da za ta tarar a daji sai busasshen kara. Uwargidan da itace ya yanke wa, ga yara na kukan yunwa, karan danga take zarewa ta cusa a wuta. Akuya ma kitsen jikinta take narkarwa don ta shayar. Danga kuwa ƙarewa take: haƙarƙari ya bayyana, hantsa ta motse, 'ya'ya su tsumbure, wani cikin ya yi jinkiri.

Abin da ke damuna shi ne ba rashi ya jawo ba. Rogo ƙasar masara ce, madatsar Challawa da aka kammala a 1992 kuma ta ba Ƙaraye noman rani. Dusa na nan a kowane injin surfe, amma ragon layya ake tara wa, a bar uwar garke tana tsintar bola.

Sai dai a yi hattara, mai tula itace farat ɗaya ƙona miya take. Hatsi mai yawa lokaci guda yana tsamar da tumbi, ya kawo kumburi da zawo, wani lokaci har mutuwa. A fara da tafin hannu guda tun watan ƙarshe na ciki, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har kimanin giram 300 a rana, rabi da safe rabi da yamma, bayan ta ci harawa. Kada ruwa ya yanke a gabanta, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. In dusar gida ba ta isa kowa ba, mai shayarwa za a fara ba.