Ko zubin haruffa na taimaka wa ɗalibi ya riƙe karatu?

 A yau shirin zai duba wata tambaya ce da ta shafi duk wani ɗalibi da malami da kuma iyayen yara, wato shin zubin haruffan da aka buga littafi da su na da tasiri a kan abin da mutum zai iya tunawa bayan ya rufe littafin?

A shekarar 2011, wasu masana halayyar ɗan Adam da suka haɗa da Daniel Oppenheimer, wanda a lokacin yake jami'ar Princeton a Amurka, sun wallafa sakamakon wani bincike da ya ba mutane mamaki. Sun ba mutane 28 wasu bayanai su haddace cikin daƙiƙa 90. Wasu an ba su da manyan haruffa baƙaƙe raɗau, wasu kuma da ƙananan haruffa dishi-dishi masu wuyar karantawa. Bayan minti 15 aka yi musu tambayoyi. Waɗanda suka sha wahalar karatun sun amsa kusan kashi 87 cikin ɗari daidai, sauran kuma kusan kashi 73. Masanan sun maimaita gwajin da ɗalibai 222 a wata makarantar sakandare ta jihar Ohio, nan ma sakamakon ya karkata ga haruffa masu wuya.

Bayanin da aka bayar shi ne, idan karatu ya zo da sauƙi, ido kan zarce ne kawai, mutum ya ɗauka ya gane. Idan kuwa ya ɗan yi tsauri, sai ƙwaƙwalwa ta rage sauri ta mai da hankali. A kan wannan tunani ne jami'ar RMIT da ke birnin Melbourne na Ostareliya ta ƙirƙiro wasu haruffa a shekarar 2018 mai suna Sans Forgetica, waɗanda suka karkata baya kuma aka gutsuttsure jikinsu da gangan.

To sai dai fa ba a nan gizo ke saƙa ba. A kimiyya, sai wasu sun sake gwaji sun samu abu ɗaya kafin a amince. A shekarar 2018 an tattara gwaje-gwaje da dama aka auna su tare, ba a ga wata fa'ida ta a zo a gani ba. A 2020 kuma masu bincike daga jami'ar Warwick ta Ingila da ta Waikato a New Zealand sun gwada Sans Forgetica a kan mutane sama da 800, suka tarar bai ƙara musu tuni ba, a wani gwajin ma ya rage.

Manyan haruffa ma kan ruɗi mai karatu. Wani bincike na 2008 ya nuna mutane na zaton za su fi tuna kalmomin da aka buga da girma, amma da aka gwada su bambancin bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka kada malami ya wahalar da yara da rubutu mai dishi-dishi da sunan ƙarfafa musu hadda, musamman masu raunin gani ko masu koyon karatu da harshen da ba nasu ba. Ga masu buga Hausa a kwamfuta kuwa, a zaɓi haruffan da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ, don kada ƙafa ta koma kafa.

Wahalar da bincike ya tabbatar tana da amfani ita ce ɗalibi ya rufe littafi ya gwada faɗo abin da ya karanta da ka, sannan ya rarraba bitarsa cikin kwanaki maimakon kwana guda ana gobe jarrabawa. Duk wanda ya yi tilawa a makarantar allo ya san wannan hanya.