Shugabancin Ma'aikatan da Ido Ba Ya Gani

A watan Satumba na 2024, shugaban kamfanin Amazon, Andy Jassy, ya sanar da ma'aikatan ofisoshinsa cewa daga farkon 2025 kowa zai dawo ofis kwana biyar a mako. Bankin JPMorgan ya bi sahu. Ranar da Donald Trump ya koma mulki kuwa, 20 ga Janairun 2025, cikin takardun farko da ya sa wa hannu har da umarnin ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka su koma kan teburansu. Wanda ya tsaya a kanun labarai zai ɗauka an riga an yi wa aiki daga gida sutura an kai shi makwanci. Alƙaluma ba su ce haka ba. Kafin annobar korona, kwanakin aikin da Amurkawa suke yi daga gida ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A tsakiyar kullen 2020 sun haura zuwa wajen kashi 60, daga 2023 kuma suka daidaita a kusan kashi ɗaya cikin huɗu, suka ƙi sauka. Tunda abin ya zo ya zauna, gardamar gida ko ofis ta zama ɓata lokaci. Tambayar da ta rage ita ce yadda mutum zai shugabanci ma'aikatan da ba ya gani.

Ofis ya daɗe yana ba shugabanni ma'auni mai arha. Akwai rajistar zuwa aiki, akwai agogon bango, akwai kujera. Wanda ya sa hannu ƙarfe takwas, ya zauna har huɗu, ya miƙe da sauri in oga ya shigo, shi ne ma'aikacin kirki, ko da takardar da aka ba shi tun watan jiya tana nan cikin aljihun tebur. Hausa ta riga ta raɗa wa wannan suna, aikin ganin ido. Da nisa ya raba shugaba da ma'aikatansa, sai wannan ma'auni ya faɗi, shugabanni da yawa suka tarar ba su da wani a hannu. Wani binciken jin ra'ayi da Microsoft ya fitar a 2022 ya nuna girman ramin: kashi 87 cikin 100 na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, kashi 85 na shugabanni kuma sun ce da wuya su sakankance da hakan. Wasu kamfanoni suka koma sa manhajojin leƙen asiri a kwamfutocin ma'aikata, suna ƙirga sau nawa aka taɓa maɓalli. Ma'aikata su ma suka sayo 'yar na'urar da ke motsa linzamin kwamfuta don a ga kamar mutum yana nan. A 2024 bankin Wells Fargo ya kori mutum fiye da goma kan irin wannan dabara. Aikin ganin ido ne ya sake riga, oga yana gadin allo, yaro yana yaudarar allo, aikin kansa babu mai tambayarsa.

Shin zargin da ake yi wa masu aiki daga gida yana da tushe? Amsa mafi ƙarfi ta fito daga ƙasar Sin, shekaru goma kafin korona. Kamfanin Ctrip na birnin Shanghai, mai sayar da tikitin jirgi da kama wa matafiya ɗakin otal, ya haɗa kai da Nicholas Bloom, masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford, suka gwada abin a kan ma'aikatan da ke amsa kiran waya. Mutum 249 aka raba gida biyu bisa ranar haihuwarsu, don kada son rai ya shiga. Rabi suka yi wata tara suna aiki kwana huɗu a gida, kwana ɗaya a ofis, sauran suka ci gaba yadda suka saba. Na gida suka zarce na ofis da kashi 13 cikin 100. Mafi yawan ribar ta zo ne daga raguwar makara da hutun rashin lafiya da yawan tashi daga kan aiki, sauran kuma daga shirun da gida yake da shi. Masu ajiye aiki a cikinsu suka ragu da rabi. Sai dai gwajin ya bar darussa biyu masu ɗaci. Da aka ba kowa zaɓi, kusan rabin na gida suka nemi komawa ofis saboda kaɗaici. Sannan idan aka kwatanta mutum biyu masu ƙwazo ɗaya, na gida ya fi jinkirin samun ƙarin girma.

Kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com, ya sake gwaji a 2021 da 2022, wannan karon a kan mutum 1,612 masu digiri, injiniyoyi da ma'aikatan kuɗi da na talla. An bar rabinsu su zauna gida Laraba da Juma'a. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2024 ya nuna masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman mata da masu zuwa daga nesa, kuma tsawon shekara biyu ba a ga bambanci ba a ƙimar aikinsu ko a ƙarin girma. Abin lura a nan shi ne manajojin kansu. Kafin a fara, sun yi hasashen aiki zai ja baya. Bayan wata shida suka canza ra'ayi, gani ya kori ji. Ke nan abin da ya tsaya musu a wuya tun farko sabo ne da zato, babu wata hujja a hannunsu.

To me ake bukata daga shugaba in kujera ta daina zama shaida? Abu na farko shi ne ya san aikin da yake so har ya iya rubuta shi. A ofis, oga yana iya miƙa fayil ya ce “a duba wannan”, ma'aikaci ya karanci fuskarsa, ya tambayi na kusa da shi, ya gano abin da ake nufi. Daga nesa wannan gajeriyar magana tana iya cinye mako guda. Haka saƙon murya na minti bakwai da aka jefa a zauren WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wanda ya faro da gaisuwa, ya ratsa ta batutuwa huɗu, ya ƙare ba a san wa zai yi me ba. Shugaban da ya iya aikinsa layi huɗu yake rubutawa: ga abin da za a yi, ga wanda ke da alhakinsa, ga ranar da ake jira, ga yadda za a gane an gama. Kamfanin GitLab, mai ƙera manhajoji, ba shi da ofis ko ɗaya, ma'aikatansa suna warwatse a ƙasashe fiye da 60, amma ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq a 2021. Abin da ke riƙe da shi wani kundi ne mai shafi fiye da 2,000 da ke buɗe a intanet, inda aka rubuta yadda ake ɗaukar aiki, yadda ake neman hutu, yadda ake yanke shawara. Wanda ke Manila ba sai ya jira na Landan ya farka ba kafin ya san abin yi. Rubutun yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana ɗaure shugaba shi ma, domin ba zai iya tashi gobe ya ce ba haka ya ce ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, ayarin fatake kan yi watanni a hanyar Gwanja, zuwa kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, don sayo goro. Bayan zuwan jirgi, attajiri yana zaune a Kano, yaransa suna Sabon Ibadan ko Shagamu suna haɗa huhun goro, kayan da ba ya jure jinkiri. Maigida ba ya ganinsu, ba ya sanin ƙarfe nawa suka tashi. Abin da ya sani shi ne nawa ya bayar, kaya nawa suka iso, a wane hali, kuma lissafi ya cika ko bai cika ba. Wanda ya ci amana sunansa yakan riga shi isa kowane zango. Amma akwai sharaɗin da bai kamata a manta ba. Babu maigidan da ke ɗaukar yaro yau ya tura shi Kurmi gobe da jakar kuɗi. Sai yaron ya yi shekaru a gabansa, ya ga yadda ake taya kaya, yadda ake gane goron da ya fara lalacewa, yadda ake magana da dillali. Amanar da ake aiki da ita daga nesa a kusa aka gina ta.

A nan ne masu cewa a koma ofis suke da gaskiya, kuma bai dace a yi musu kunnen uwar shegu ba. Wani bincike da masanan tattalin arziki Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais suka yi a kan injiniyoyin manhaja na wani babban kamfani a Amurka ya gano cewa waɗanda ke zaune gini ɗaya da abokan aikinsu sun fi samun gyara da shawara a kan aikinsu, da wajen kashi ɗaya cikin biyar, kuma sababbin shiga da mata ne suka fi cin moriyar. Wani binciken a kan ma'aikatan Microsoft fiye da 61,000 a farkon 2020 ya nuna cewa da kowa ya koma gida, kowane sashe ya dunƙule a cikin kansa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. Ana koyon sana'a ta hanyar kallo, da jin yadda babba yake lallashin abokin ciniki a waya, da tambayar da kunya ke hana a rubuta. Sai dai waɗannan hujjoji ba su ce kwana biyar ba. Abin da suka nuna shi ne haɗuwa tana da aikin da take yi, don haka a shirya ta da gangan: ranaku ƙayyadaddu da dukkan ƙungiya za ta zo tare, sabon ma'aikaci ya yi watannin farko kusa da wanda zai koya masa, a kuma lissafa wa babba lokacin da ya ba da wajen koyarwa. Hatta kamfanonin da ba su da ofis, irin su Automattic mai WordPress.com, suna kashe kuɗi su tara ma'aikatansu wuri ɗaya lokaci zuwa lokaci, domin zumunta a ƙafa take. Abin da ba shi da ma'ana shi ne mutum ya ƙone mai, ya sha cunkoso, ya isa ofis ya sa abin ji a kunne ya wuni yana taron Zoom da waɗanda ke gida.

Akwai haƙƙoƙi biyu da nisa ke saurin tauyewa, kuma kare su yana wuyan shugaba. Na farko adalci wajen ƙarin girma. Ɗan Adam ya fi tuna wanda yake gani, kamar yadda gwajin farko na Ctrip ya nuna, don haka dole a dogara da rubutaccen sakamakon aiki in an zo rabon muƙami, in ba haka ba matar da ke aiki daga gida saboda goyo ita za ta riƙa biyan kuɗin mantuwar oga. Na biyu lokacin hutu. In gida ya zama ofis, aiki ba ya tashi. Faransa ta kafa dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin kashe waya bayan lokacin aiki tun 2017, Fotugal ta hana shugabanni neman ma'aikata a irin wannan lokaci a 2021, Ostareliya ta bi baya a 2024. Inda babu doka, halin shugaba ne doka. Ranar da ya aika saƙo tsakar dare, ya koya wa kowa kwana da waya a hannu.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya cewa wannan zancen masu wuta ne ba yankewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ko a Amurka, lissafin da masana biyu na Jami'ar Chicago suka yi a 2020 ya nuna kashi 37 cikin 100 na ayyuka ne kawai za su yiwu daga gida, a ƙasashe matalauta kuwa kason ya yi ƙasa sosai. Manomi da direba da ma'aikaciyar jinya ba sa aiki ta kwamfuta. Amma abin ya riga ya shigo gida. Kamfanin Andela da aka kafa a Legas a 2014 ya rufe ofisoshinsa a 2020 ya koma aiki daga nesa gaba ɗaya. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, jihohin Edo da Kwara sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako don sauƙaƙa wa ma'aikata kuɗin mota. Matasa masu ƙera manhaja da zane da fassara suna karɓar aiki daga ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Bambancin shi ne shugaba a nan yana da ƙarin nauyi. Wanda ya ce wa ma'aikaci ya zauna gida bai ba shi kuɗin data da na sola ko man janareta ba, ya sauke kuɗin gudanar da ofis ne a kan albashin talaka. Kuma ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, an ga amfanin tsarin da ba ya dogara da taron bidiyo na kowace safiya, domin rubutaccen aiki yana iya jiran layi ya dawo.

Ofis ba zai mutu ba, gida ma ba zai mayar da abin da ya samu ba. Yawancin masu aikin tebur za su raba makonsu tsakanin biyun, kuma kamfanoni za su ci gaba da ja-in-ja kan kwana biyu ne ko uku. Wanda kasuwarsa ke mutuwa shi ne shugaban da bai iya komai ba sai zagaya tebura. Duk mai riƙe da mutane, ko biyar ne, ya gwada kansa da tambaya ɗaya: in aka hana shi ganinsu wata guda, zai iya faɗin wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba? In zai iya, nisa ba zai cuce shi ba. In ba zai iya ba, ko a ofis ɗin ma kujeru yake gadi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.